Nasiha Ga Masu Tsohuwar Mota A Kan Ruwan Lagireto

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ruwa maganin wuta, ya hore wa ɗan Adam ƙarfe har ya ɗauke masa kaya. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, kun sani duk shekara in bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da makamantansu yakan wuce digiri 40. A lokacin nan ne matafiyi yakan ga motoci a gefen hanya, an ɗage murfin inji, tururi na tashi, fasinja sun raɓe a inuwar aduwa, yaron mota ya ɗauki jarka ya tafi neman rijiya. In ka tambayi direba, sai ya ce maka rana ce. To, rana tana da nata kaso, amma ƙarami ne, gama motar nan ta ci bazara ashirin ko talatin a kan wannan hanya ba ta tafasa ba. Abin da ya sake shi ne cikinta, kuma galibi ruwan da aka yi ta ɗura mata ne ya ɓata shi.

Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce. Mai tumatir kayansa ya narke kafin ya kai kasuwa. Malami ya rasa ɗaurin auren da aka ɗora masa. Iyali dare ya riske su a dajin da ba a so a kwana. In kuma direba ya yi taurin kai ya ci gaba, inji ya ƙone, motar da take ci da gida ta koma bakin bishiya a garejin bakanike wata da watanni. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan wannan al'amari dalla-dalla.

Za mu ɗauki Peugeot 504 misali, wadda muke kira Fijo, domin ba a yi motar da ta shiga lungunan ƙasar nan kamarta ba. An fara ƙera ta a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara aiki, aka kuma yi sama da shekara 25 ana haɗa ta a can, har bayan da Turawa suka daina yin ta a ƙasarsu. Ƙuruciyar wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu ta wuce, amma har yanzu ana cin abinci da su. Abin da za mu faɗa a kanta ya hau kan 505 da J5 da sauran tsofaffin motoci masu sha ruwa.

Fasali na farko: inda zafi yake fitowa da inda yake tafiya

Ku sani mota da wuta take tafiya. Fetur yana ƙonewa cikin silinda, zafin wutar a daidai lokacin da ta tashi yakan haura digiri 2,000. Gangar jikin injin 504 baƙin ƙarfe ne na zubi, amma kansa, wanda kanikawa ke kira tof silinda, alminiyam ne, shi kuwa alminiyam yana narkewa a digiri 660, yana kuma lanƙwashewa tun bai kai ko kusa da haka ba. In aka kasa ƙarfin fetur kashi uku, abin da yake tura mota bai cika kashi ɗaya ba. Kashi ɗaya yana fita ta salansa. Saura kusan kashi ɗaya, shi ne ruwa yake ɗauka ya fitar. Watau kowace lita uku da kuka saya, zafin kusan lita guda ta lagireto zai bi.

Ga yadda aikin yake. A cikin jikin inji an bar hanyoyi kewaye da silinda, ruwa wajen lita 8 yana gudana cikinsu. Famfon ruwa, wanda fambel yake juyawa, shi yake kora shi. Ruwan ya kwashi zafi ya fita ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya sauko ta cikin siraran bututu masu yawa. Tsakanin bututun an jera ganyen ƙarfe masu laushi kamar saƙar zuma. Iskar tafiya da ta fanka suna ratsa su, su kwashe zafin, ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa ya sake zagayowa. Sharaɗi uku ke nan: ruwa ya gudana, iska ta ratsa, kada kuma ko'ina ya yi yoyo. Duk tafasar da kuka gani, ɗayan ukun nan ne ya warware.

Fasali na biyu: ruwan da ya dace

Malamai sun san mas'alar nan a fiƙihun Malikiyya, cewa ruwan da ya sake ɗanɗano ko launi saboda ƙasar da yake kwance a kanta, kamar ƙasa mai gishiri ko kanwa, bai fita daga tsarkinsa ba, ana alwala da shi. To, hukuncin lagireto ya saɓa wa wannan. Abin da shari'a ta yafe a ruwan rijiya, shi ne ainihin abin da yake kashe inji. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da narkakkiyar farar ƙasa wadda ido ba ya gani. Da ya sha zafi sai ta rabu da ruwan ta manne wa ƙarfe. Wanda yake son shaida ya leƙa gindin butar mai shayi, zai ga farin ɓawo ya kama. Irin ɓawon nan yake kama cikin inji da bututun lagireto, ya hana zafi ratsawa, ya kuma ƙuntata hanya. Motar da ake ƙara wa ruwa kullum safiya, kullum ana ƙara mata farar ƙasa ke nan, domin ruwan yana tafiya, ita tana zama.

Illa ta biyu tsatsa ce. A cikin wannan zagaye akwai baƙin ƙarfe, da alminiyam, da jan ƙarfe da tagulla na lagireto, da dalmar da aka like shi da ita. Ƙarafa mabambanta in suka haɗu cikin ruwa mai gishiri, wani yakan ci wani, kamar yadda yake faruwa cikin batir. Shi ya sa za ku buɗe murfi ku ga ruwa ja kamar na kududdufin marka. Wannan ja da kuke gani jikin injin ne yake narkewa a hankali. Illa ta uku laka ce da yashi, na wanda yake ɗiba daga tafki ko kwata, su ne suke kwantawa a gindin lagireto, su kuma cinye robar da ta tsare famfo.

Ruwan da ya fi dacewa shi ne tatacce, wanda aka dafa aka tara tururinsa, ana sayar da shi domin ƙara wa batir. Amma a yi hattara, kada a rikita shi da ruwan batir mai cin fata. Bayansa sai ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta bayan ruwan farko ya wanke rufi, a tace shi da ƙyalle. Ruwan leda da ake sha ya fi na tafki nesa, sai dai sau da yawa na burtsatse ne aka tace, tacewa kuwa ba kullum take raba shi da farar ƙasa ba.

Sa'an nan ruwa tsura bai isa ba, sai an gauraya shi da maganin nan mai launi da ake kira kulan. Waɗansu sukan ce na ƙasashen ƙanƙara ne, ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana da waɗansu fa'idodi biyu da suka shafe mu: a cikinsa akwai maganin tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. In aka yi rabi da rabi, ruwan ba ya tafasa sai wajen digiri 107. Kada a zuba shi tsura, domin ruwa ya fi shi ɗaukar zafi. Daga sulusi zuwa rabi ya wadatar. A karanta jikin galan, gama akwai wanda aka riga aka gauraya, ba a ƙara masa ruwa. Maganin tsatsar da ke cikin irin na tsofaffin motoci yakan ƙare cikin shekara 2, sai a zubar a sake.

Fasali na uku: ƙananan abubuwa biyu da ake raina wa

Na farko murfin lagireto. Mutane suna ɗaukarsa kamar marfin tulu, har wani in ya ɓata sai ya toshe da tsumma ko leda. Alhali kuwa a cikinsa akwai sifirin da roba waɗanda suke danne ruwa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a bakin teku. In an danne shi da murfi mai lamba 1.0, sai ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Kuma duk hawan mita 300 yana rage wa tafasar ruwa kusan digiri 1. Garin Jos yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200, a can ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 96. Ku duba motar da ta ɗauko kaya ta nufi Hawan Kibo da mataccen murfi: inji yana aiki iyakar ƙarfinsa, tafiya ta ragu iska ba ta shiga sosai, ruwan kuma yana saurin tafasa. Murfi abu ne mai araha. In robarsa ta tsattsage ko sifirin ya saki, a sake shi da mai lamba irin ta asali. Kada a sa wanda ya fi ƙarfi, yakan fasa tsohon lagireto.

Na biyu shi ne tamostat, wata 'yar ƙofa a bakin tiyon sama. In inji yana da sanyi tana rufe, ruwa yana zagaye cikin inji kaɗai har ya ɗumama. In zafi ya kai iyakar da aka yanka mata, galibi tsakanin digiri 75 da 90, sai ta buɗe da kanta. Al'ada ta yaɗu a garejojinmu, da mota ta yi zafi sai a cire ta a jefar, a ce ta Turai ce. Wannan kamar mai zazzaɓi ne ya fasa ma'auni domin ya warke. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai ɗumama ba, balle da asubar hunturu, ya sha mai da yawa, baƙin mai ya gurɓace da wuri, silinda ta ci. A waɗansu injuna ma ita take rufe wata gajeriyar hanya, in babu ita sai ruwa ya riƙa bin gajeriyar ya bar lagireto, zafi ya ƙaru. In ana tuhumarta, a rataya ta da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, ta rufe in ya huce. In ta ƙi, a sayi wata.

Fasali na huɗu: yadda ake wanki

A fara da waje. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi, da ƙwari, da leda, suna toshe saƙar lagireto. A dubi hasken fitila ta cikinsa: inda haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. A zuba ruwa daga wajen inji zuwa gaba, domin datti ya koma ta inda ya shigo. Kada a matso da bakin injin wanki mai ƙarfi, yana kwantar da ganyen. Waɗanda suka lanƙwashe a miƙe su da tsinke a hankali.

Wankin ciki kuwa sai inji ya huce sarai. A buɗe makunnin ɗumama ɗaki, in motar tana da shi, domin ruwan da ke can ma ya fito. A ajiye roba a ƙasa, a kwance tiyon ƙasa, a kwance kuma ƙusar zubar da ruwa da ke jikin inji in akwai. A cire tamostat na ɗan lokaci. Sa'an nan a sa tiyon famfo ta ƙasan lagireto, ruwa ya hau ya fita ta sama, watau akasin yadda ya saba gudana, domin haka ne yake tayar da abin da ya kwanta. A yi wa inji haka nan, har ruwa ya fito garau. In ɓawo ya yi yawa, akwai maganin wanke lagireto a shagunan kayan mota, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, a ɗauraye sau biyu ko uku. A nisanci kanwa da sodar masu sabulu, gama suna cin alminiyam. A nisanci ruwan batir. Garin sabulun wanki kuma kumfa yake yi, ba ya fita da sauƙi.

Bayan haka a mayar da tamostat da sabon gaskit, a ɗaure tiyo, a zuba gaurayen ruwa sannu sannu. A tayar da inji murfi a buɗe, a jira har tiyon sama ya yi zafi, kumfar iska ta gama fita, a cike, a rufe. Lagireton da ba shi da gorar ajiya a gefe, a bar masa sarari kamar yatsa biyu ƙasa da wuya, domin ruwa yana kumbura in ya ji zafi. Washegari da safe a sake dubawa.

In an yi wannan duka zafi bai sauka ba, a ɗumama inji, a kashe, a shafa fuskar lagireto da tafin hannu a hankali. Inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin ya toshe. Wannan aikin masu lagireto ne, irin na Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Lagireton jan ƙarfe sukan narke dalma su cire tankinsa, su zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu, su mayar su like. A tsaya a ga an toshe bakunansa, an hura masa iska cikin ruwa, ba kumfa, kafin a biya.

Tanbihi biyu. Na ɗaya, kada a yi wanki ana gobe tafiya, domin sau da yawa datti ne ya toshe wata tsohuwar ɓula, wanki ya tone ta. Gara ta bayyana a ƙofar gida. Na biyu, kulan guba ne, ga shi da zaƙi da launi mai jan yaro. Kaɗan daga cikinsa yana kashe ƙoda. Kada a ajiye shi cikin kwalbar lemo, kada a bar shi inda akuya ko kyanwa za ta lasa, kada a zubar kusa da rijiya. Wanda ya sha a kai shi asibiti nan take, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau.

Fasali na biyar: dubawa kafin a kama hanya

Da safe, inji da sanyi, a duba ruwa. A matsa kowane tiyo da hannu: wanda ya yi tauri kamar ƙirgi, ko ya yi laushi ya kumbura, kwanansa ya ƙare. A danna fambel da babban yatsa, kada ya nutsa fiye da santimita 1 ko kusa da haka, kada kuma ya zama ya tsattsage ko yana ƙyalli. A kama fanka a girgiza: in tana rawa, ko an ga sawun ruwa yana tsiyaya daga ƙaramar ƙofar da ke ƙarƙashin famfo, famfon ya kusa mutuwa. A leƙa ƙarƙashin mota ko ƙasa ta jiƙe. A ajiye fambel guda da jarkar ruwa mai kyau a but. Agogon zafi in ya mutu a gyara shi, domin direban da ba shi da shi makaho ne ba sanda.

Muna kuma jan kunnen masu babbar riga da rawani da carbi a hannu: kada ku sunkuya kan inji yana aiki. Fambel ba ya sakin abin da ya kama. Fankar lantarki ta waɗansu motoci kuma takan tashi da kanta ko an kashe inji.

Fasali na shida: in ta tafasa a hanya

Da allura ta nufi ja, a sauka gefen hanya. In tururi ya fito, a kashe inji. Kada a ce bari a kai gari na gaba, domin tsakanin tafasa da lanƙwashewar kan inji 'yan mintoci ne. A sani kuma, in allura ta hau sa'an nan ta faɗo da kanta ba dalili, mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare har ma'aunin ba ya taɓa shi. Wannan ya fi na farko muni.

Kada a taɓa murfi. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce zafin tafasa, da an sassauta zai yi tsiri ya wanke fuska da ƙirji. A jira rabin sa'a ko fiye, har tiyon sama ya yi laushi ana iya riƙe shi. Sa'an nan a ɗora tsumma mai kauri, a kau da fuska, a murɗa kaɗan har iska ta gama fita, kana a buɗe. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi ko a kansa, yana tsaga ƙarfe. In ya huce a tayar da shi, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan. Wanda tsautsayi ya faɗa wa ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Ba a shafa ƙwai ko baƙin mai ko man goge baki.

Bayan tafasa a lura da alamu huɗu: farin hayaƙi mai yawa daga salansa bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kamar kunu, kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto ba ta yankewa, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Waɗannan suna nuna gaskit ɗin kan inji ya ƙone. A kai ta ga bakanike, a auna kan injin ko ya lanƙwashe kafin a ɗaura sabo.

Mas'ala

Direbobi sukan fasa ɗanyen ƙwai cikin lagireto, ko su zuba garin barkono ko na taba, domin toshe yoyo. Wanda dare ya yi masa a daji, lalura ce, ya yi ya kai gari. Amma ya sani abin da ya toshe ɓula yana toshe bututu, wajibi ne ya wanke ya like da ya isa. Wanda kuwa ya yi haka domin ya kai motar kasuwa, ya sayar ba tare da ya bayyana ba, wannan algushu ne, ɓoye aibi ne, kuma malamai sun san mai saye yana da haƙƙin mayarwa in aibin ya bayyana. Mai saye shi ma ya buɗe ido: ya je wa motar da sassafe tun ba a tayar da ita ba, ya leƙa ruwa, ya zaro sandar baƙin mai, ya tambaya ko tamostat tana nan. Haka kuma mai motar haya, rayukan da ya ɗauka amana ce a wuyansa. In direbansa ya ce tiyo ya kumbura, kada ya ce a lallaɓa sai an dawo.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanki sau ɗaya cikin shekara 2, da ruwa mai kyau, da murfi mai rai, da duban safiya, su ne suke sa tsohuwar mota ta ga wata bazarar. Wanda ya karanta ya karanta wa direbansa da yaron motarsa, gama su ne masu riƙe da jarka.

Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya sa albarka cikin nema. Amin. Haza wassalam.